Karatu ga ɗaya, aiki ga ɗaya: tambayoyi da amsoshi kan neman zaman dindindin a Kanada

Lissafin da aka saba ji mai sauƙi ne: miji ko mata ɗaya ya sami gurbin karatu, ɗayan ya biyo shi da izinin aiki, albashi ya riƙe gida, bayan 'yan shekaru iyali su karɓi takardar zaman dindindin, wadda ake ce wa PR. Lissafin ya yi wa mutane da yawa aiki kafin 2024. Daga Janairun shekarar ne gwamnatin Kanada ta fara tsuke ƙofar, kuma har yanzu akwai masu ba da shawara da tsohon yayi. Duk kuɗin da aka ambata a nan dalar Kanada ce, ƙa'idojin kuma yadda suke ne zuwa ƙarshen 2025.

Idan na yi karatu a Kanada, shi ke nan na sami zaman dindindin?

A'a. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Izinin karatu na wucin gadi ne, izinin aikin da ake bayarwa bayan kammalawa shi ma na wucin gadi ne, kuma babu wata doka da ta ce wanda ya gama karatu dole a ba shi zama. Abin da karatun yake ba ka shi ne damar shiga gasa. Matakan uku ne: izinin karatu, sai izinin aikin bayan kammalawa, sai neman zaman dindindin ta tsarin Express Entry na tarayya, wanda ke jera masu nema bisa maki yana gayyatar waɗanda suka fi, ko ta shirin wani lardi. Kowane mataki da nasa sharuɗɗan, kuma cin na farko ba ya lamunce maka na uku.

Kujerun ma sun ragu. A da an tsara karɓar mazauna dindindin 500,000 a 2025, sai aka sauko da adadin zuwa 395,000, na 2026 kuma 380,000. Masu riƙe da takardun wucin gadi a cikin ƙasar sun ninka wannan adadi sau da yawa.

To ai ba laifi ba ne in nemi bizar karatu alhali niyyata zama ce?

Dokar shige da fice ta Kanada ta yarda mutum ya zo da niyya biyu: ya shigo na ɗan lokaci, yana kuma fatan wata rana ya zauna. Abin da jami'in hukumar shige da fice ta ƙasar, IRCC, yake son ya gamsu da shi guda ne: idan zaman bai samu ba, za ka fita idan wa'adinka ya cika? Mafi yawan takardun ƙin bayarwa a kan wannan gaɓar suke tsayawa.

Shi ya sa kwas ɗin da aka zaɓa yake da nauyi. Mai digiri na biyu a harkar kuɗi, da shekara goma yana aikin banki, ya ce zai koma karatun difloma ta shekara ɗaya a kula da otal, jami'i ba ya buƙatar dogon tunani kafin ya gane biza ake nema, karatun fakewa ne. Kwas ya zama ci gaba ne a kan abin da ka riga ka karanta ko kake yi, yadda za ka iya bayyana dalilinsa cikin layi uku ba tare da kame-kame ba.

Matata za ta sami izinin aiki idan na sami gurbin karatu?

Nan ne sauyin ya fi zafi. A da kusan duk ɗalibin da ke cikakken karatu a makarantar da aka amince da ita, matarsa ko mijinta na iya samun buɗaɗɗen izinin aiki, wato wanda bai ɗaure mutum ga kamfani ɗaya ba. A Maris na 2024 aka cire masu difloma da mafi yawan masu digiri na farko. Daga 21 ga Janairun 2025 aka ƙara matsewa. Yanzu waɗanda abokan aurensu suka cancanta su ne: masu digiri na biyu wanda tsawonsa ya kai wata 16 ko fiye, masu digirin digirgir, da masu wasu digirorin sana'a da aka lissafa, irin su likitanci, lauya, haɗa magunguna, jinya, koyarwa da injiniyanci.

A lura da wata 16 ɗin nan, domin tarko ne da mutane ke faɗawa ba su sani ba. Akwai digiri na biyu da yawa na wata 12. Suna da farin jini saboda kuɗin makaranta na shekara ɗaya kawai za a biya, kuma wanda ya gama yana samun izinin aiki na shekara uku. Amma a tsawon karatun, matar ba ta da izinin aiki. In ta zo, da bizar ziyara za ta zo, ta zauna a gida, haya tana ci, kuɗin abinci yana ci. Kafin ka biya kuɗin ajiye gurbi, duba tsawon kwas ɗin kamar yadda aka rubuta a takardar karɓa, ka ƙirga watannin da yatsunka.

Wa ya kamata ya yi karatun, ni ko ita?

Da ma'aurata za su ba wannan tambaya ko da rabin lokacin da suke ba zaɓen gari, da an rage nadama. Yawanci maigida ne ke ɗaukar karatun ba tare da an tattauna ba, alhali lissafi sau da yawa yana nuna akasin haka.

Ga dalili. Aikin da ɗalibi ya yi a lokacin da yake cikakken karatu ba a ƙirga shi a rukunin Express Entry na masu gogewar aiki a Kanada, ko da shekara biyu ya yi yana yi. Amma aikin da abokin aurensa ya yi da buɗaɗɗen izini ana ƙirgawa daga ranar farko, muddin aikin ƙwarewa ne. Ke nan wanda ya biyo baya yana iya cika shekara ɗaya ta aiki ya shiga gasa tun ɗalibin bai rubuta jarrabawar ƙarshe ba.

Mu ɗauki misali. Miji ɗan shekara 38, mata 'yar shekara 29, dukansu da digiri na farko, ita tana da gogewa a lissafin kuɗi ko aikin lafiya, Turancinta kuma ya fi nasa. Idan shi ya yi karatun, ita ta sami aiki a fanninta cikin watannin farko, bayan shekara ɗaya tana iya tsayawa a matsayin babbar mai nema, da makin shekaru kusan cikakke. Idan kuwa ita ta yi karatun, shi ya tsaya nema, makinsa na shekaru ya riga ya zube, kuma kowace zagayowar ranar haihuwa tana ƙara zaftare shi. Tsarin yana ba da cikakken makin shekaru ga 'yan 20 zuwa 29, daga 30 ya fara sauka, a 45 ya koma sifiri. Ko wanene ya tsaya a gaba, takardar ta iyali ce gaba ɗaya, babu wanda za a bari a baya. Don haka a ajiye maganar girma, a ɗauko biro da takarda.

Kowane irin aiki ake ƙirgawa?

Ba kowane ba. Kanada ta kasa ayyuka gida shida, daga 0 zuwa 5, a tsarin da take kira TEER. Na 0, 1, 2 da 3 ne ake ɗauka aikin ƙwarewa. Mai karɓar kuɗi a kanti, mai sayar da kaya, mai gadi, mai share-share, duk suna 4 ko 5. Suna biyan haya, amma ba sa ƙara maki ko ɗaya a wannan rukuni. Mai dafa abinci, direban babbar mota, mataimakin harkokin gudanarwa a ofis da mataimakin ma'aikacin jinya suna 3, mai kula da ma'aikatan gidan abinci yana 2.

Ana buƙatar awa 1,560 cikin shekara uku da suka wuce, wato awa 30 a mako na tsawon shekara. Wanda ya yi awa 60 a mako don ya gama cikin wata shida ya wahalar da kansa a banza, domin abin da ya haura 30 ba a lissafa shi. Aikin kai da kai ma, irin na mai ɗaukar fasinja da motarsa ta manhajar waya, ba ya shiga.

Wani abu da ake rainawa: wasiƙar shaida daga wurin aiki. Hukuma ba ta kallon sunan muƙami, ayyukan da kake yi a zahiri take karantawa ta gwada su da bayanin da ke cikin kundinta. Wasiƙar ta zo a kan takardar kamfani, da ranar farawa, da awannin mako, da albashi, da jerin ayyuka. Ka karɓe ta tun kuna shiri da manaja. Neman ta bayan ka bar aiki da shekara guda, manajan ya sauya, aiki ne ja.

Kuɗi nawa ake so in nuna ina da su?

Tsawon shekaru dala 10,000 ce kuɗin zaman ɗalibi ɗaya na shekara. A 1 ga Janairun 2024 ta koma 20,635, daga 1 ga Satumban 2025 kuma 22,895. Mutum biyu 28,502, uku 35,040. Wannan ban da kuɗin makaranta na shekarar farko da kuɗin jirgi. Lardin Kebek yana da nasa adadin da nasa takardar amincewa. Kuɗin makarantar ɗaliban waje a digiri na farko yana kaiwa kimanin 40,000 a shekara in an yi matsakaici, na digiri na biyu yawanci ƙasa da haka.

Jami'ai suna duba tarihin asusun, ba abin da ke ciki a ranar kawai ba. Kuɗin da ya faɗo gaba ɗaya ana saura mako biyu a miƙa takardu, ba bayanin inda ya fito, yana jawo zargi. Kuma adadin nan mafi ƙaranci ne. A Toronto ko Bankuba haya kaɗai na iya cinye shi.

Ni ɗalibin fa, zan iya aiki?

Awa 24 a mako a wajen makaranta lokacin da ake karatu, tun daga Nuwamban 2024, da cikakken lokaci a hutun da makaranta ta tsara. Wuce wannan saɓa sharaɗin izini ne, kuma yana iya fitowa daga baya ta takardun albashi da haraji, a daidai lokacin da kake neman izini na gaba. Makarantu kuma suna kai rahoton wanda ya daina zuwa aji. Sauya makaranta yanzu sai an nemi sabon izini.

Izinin aikin bayan kammalawa, kowa yake samu?

A'a, kuma sau ɗaya ake bayar da shi a rayuwa. Kwas ya kai wata takwas. Na ƙasa da shekara biyu yana ba da izini daidai tsawonsa, na shekara biyu ko fiye yana ba da har shekara uku, masu digiri na biyu kuma suna samun ukun ko da karatun bai kai shekara biyu ba. Daga 1 ga Nuwamban 2024 sai an haɗa da sakamakon jarrabawar harshe: mataki na 7 a ma'aunin Kanada ga masu digirin jami'a, na 5 ga masu diflomar kwaleji. Waɗanda karatunsu ba na digiri ba ne kuma, sai fanninsu yana cikin jerin da hukuma ta ce ana ƙarancin ma'aikata, irin su lafiya, sana'o'in hannu da kimiyya. Jerin yana sauyawa.

Makaranta ta kasance cikin waɗanda aka amince su ɗauki ɗaliban waje bai isa ba. Kwalejoji masu zaman kansu da yawa suna cikin jerin, amma ɗalibansu ba sa samun wannan izini. Haka waɗanda ke koyar da manhajar kwalejin gwamnati da lasisi, an cire su tun Mayun 2024. Ana da kwana 180 daga fitowar sakamako a nema. Kuma a duba fasfo: ba a ba da izinin da ya wuce ranar ƙarewarsa.

Idan na gama na fara aiki, izinin mijina zai ci gaba?

Ba kai tsaye ba, 'yar'uwa. Da kin tashi daga ɗaliba kin koma ma'aikaciya, ƙa'idar ma'aikata ce ke hawa kanku. Sai kina aiki a rukunin 0 ko 1, ko a wasu zaɓaɓɓun ayyuka na 2 da 3, kuma izininki yana da sauran aƙalla wata 16 a ranar da ya nema. Idan kin gama karatu kika shiga aikin kanti kafin na fanninki ya samu, izininsa na iya ƙarewa ba damar sabuntawa, albashin da ke riƙe gidan ya tsaya cak. Wannan giɓi na tsakanin kammalawa da samun aiki mai kyau shi ne wuri mafi haɗari a duk tafiyar, kuma shi ne wanda dillalan biza ba sa ambata.

Maki nawa ake bukata?

Jimillar makin 1,200 ne. A 2024 da 2025, zagayen gayyatar da aka yi wa masu gogewar aiki a Kanada sun tsaya sama da 500, abin da matashi mai digiri na biyu da shekara ɗaya ta aiki ma sai ya yi da gaske. Karatun Kanada kansa maki 15 ko 30 yake ƙarawa. Makin tayin aiki an soke shi a 25 ga Maris 2025, saboda cinikin takardun bogi da ya yi yawa.

Abu uku ne ke ɗaga mutum sosai. Na farko harshe: bambancin mataki na 8 da na 9 na ma'aunin Kanada a jarrabawar Turanci ta IELTS ko CELPIP yana iya kai maki gommai, domin yana haɗuwa da makin ilimi da na aiki, kuma sake zama jarrabawa ya fi komai araha a wannan harka. Na biyu Faransanci. Wanda ya kai mataki na 7 a jarrabawar Faransanci ta TEF ko TCF yana samun ƙarin maki har 50, kuma tun 2023 ana ware wa masu Faransanci zagayensu, inda makin shiga ke yin ƙasa sosai da na sauran. Wanda ya riga ya iya harshen yana riƙe da abin da wasu ke kashe shekara biyu suna nema. Na uku zaɓin lardi, mai maki 600, wanda kusan tabbacin gayyata ne. Sai dai a 2025 tarayya ta rage kason larduna da rabi, wasu suka rufe rassan shirinsu ba zato. Lardunan gabar Atlantika huɗu suna da nasu shiri, wanda ke yafe wa ɗaliban da suka gama a can sharaɗin gogewar aiki idan sun sami tayi daga kamfanin da aka amince da shi.

Wane irin aure suke amincewa da shi?

Wanda yake halal a dokar ƙasar da aka ɗaura shi da kuma dokar Kanada. Dole kowanne ya kai shekara 18. Tun Yunin 2015 hukumar ba ta karɓar auren da aka ɗaura ta wakili ko ta waya ko ta intanet, inda ango ko amarya ba sa wurin da jikinsu. Mai mata fiye da ɗaya kuma, auren farko kaɗai ake gani, domin auren mace fiye da ɗaya laifi ne a kundin hukunta laifuka na ƙasar.

Suna kuma auna gaskiyar zaman. Auren da aka ɗaura ana saura wata ɗaya a nemi biza, ba hotuna, ba wata alamar rayuwa tare, zai sha tambaya. Auren haya don takarda kuwa, in aka gano, ƙarya ce ga hukuma, hukuncinta haramcin shiga na shekara biyar ga duka biyun.

A nan ne ya kamata a ja kunne kan ɓoye iyali. Wasu sukan ƙi ambata ɗa daga wani aure, ko matar da za ta zauna a gida, da tunanin za a gyara daga baya. Ƙa'ida ita ce wanda ba ka ambata ba lokacin neman zaman dindindin, ba za ka iya ɗaukar nauyin kawo shi ba daga baya, kuma takardarka kanta tana cikin haɗari.

Yara fa?

Ƙananan yaran ɗalibi ko ma'aikaci suna shiga firamare da sakandare, a mafi yawan larduna ba tare da biyan kuɗi ba. Ana saka 'ya'ya cikin takardar iyaye muddin ba su kai 22 ba kuma ba su yi aure ba. Wanda aka haifa a can ɗan ƙasa ne, amma hakan ba ya ba iyayensa izinin zama. Tsadar gidan renon yara da layin jiran gurbi su ma a saka su cikin lissafi, domin idan ɗaya yana aji ɗaya yana aiki, sai an sami mai riƙe jariri.

In ba wa ejan ya yi mini?

Ba dole ba ne, komai ana iya cika shi da kai a shafin hukumar. Idan za ka biya wani, doka ta amince da lauyan Kanada ne ko mai ba da shawara da ke da rajista da hukumar CICC mai kula da masu ba da shawara kan shige da fice, kuma ana iya duba sunansa a shafinta. A 2023 an gano ɗalibai da dama, yawancinsu daga Indiya, da takardun karɓa na jabu waɗanda ejan ya haɗa musu, wasu sai da suka gama karatu suka zo neman zama asirin ya tonu. Tun Disambar shekarar hukuma take tabbatar da kowace takardar karɓa kai tsaye daga makaranta. Duk abin da aka shigar da sunanka kai ne da alhakinsa, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Wanda ya ce maka biza tabbas ce, ka riƙe kuɗinka.

Idan izini ya kusa ƙarewa, gayyata ba ta zo ba?

Kasancewa cikin jerin masu jira a Express Entry ba ya ba ka izinin zama ko na aiki. Idan ka nemi sabuntawa ko sauya matsayi kafin ranar ƙarewa, kana nan bisa doka har a yanke hukunci. Idan ranar ta wuce, kana da kwana 90 ka nemi a maido maka da matsayi, kuma a tsawon lokacin ba ka da ikon yin aiki. Wanda ya riga ya sami gayyata ya miƙa cikakkun takardu yana iya neman izinin aiki na cike giɓi.

Wanda bai samu ba kuwa, fita a kan lokaci ba ta rufe masa ƙofa. Aikin da ya yi a Kanada yana nan da ƙimarsa har shekara uku, sunansa na iya ci gaba da zama a jerin daga waje, kuma shekarar aikin ƙwarewa a wata ƙasa tana ƙara maki idan ta haɗu da ta Kanada.

Ingila ba ta fi sauƙi ba?

Ita ma ta rufe nata ɓangaren. Tun Janairun 2024 ɗaliban digiri na biyu na aji ba sa zuwa da iyali, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Shekarun bizar karatu da ta bayan kammalawa kuma ba sa shiga cikin shekara biyar da ake ƙirgawa a hanyar bizar ma'aikata.

Bayan an sami zaman dindindin, sai me?

Kana aiki inda kake so, kana biyan kuɗin makaranta irin na 'yan ƙasa. Don riƙe matsayin sai ka kasance a Kanada kwana 730 cikin kowace shekara biyar. Neman zama ɗan ƙasa yana buƙatar kwana 1,095 cikin shekara biyar da suka gabata, kuma kwanakin da ka yi kana ɗalibi ko ma'aikacin wucin gadi ana ƙirga kowane ɗaya rabin kwana, har iyakar 365.